Ɗinkin Tantin Lantana

A ƙarƙashin gadar Ijora nake zama,
shekara ashirin da shida ina ɗinkin tamfol,
na tirela, na 'yan kifi, na masu biki.
Basilla ta ci babban yatsana har ya koma ƙaho.

Ran Talata ana yayyafi Lantana ta zo,
'yar Sallau mai goro ta Agege,
wadda na sani tana rarrafe tsakanin huhunan ubanta,
yau ga ta da tabarau da jaka a kafaɗa.
Ta zazzage mini wani ƙyalle mai launin manja,
ba nauyi, kai ka ce ɓawon albasa.
"Baba Nomau, tanti ne. Iska ta yaga shi."
Na ce, "Wace iska ce haka marar mafaɗi?"

Ta ce ta can ƙarshen duniya ce, ta kudu,
inda jirgin ruwa sai ya fasa ƙanƙara yake wucewa.
Ba itace, ba akuya, ba ko sauro,
fili fari fat, kamar an shanya alawayyo an manta.
Numfashinka ya daskare maka a gashin ido,
tsakaninka da lahira wannan ƙyallen ne kawai.

Ni sanyin da na sani na ɗakin kifin Alhaji Barau ne.
Sau ɗaya na shiga bin bashina,
na fito haƙora suna kiɗan kalangu.

Na ce, "To, Magariba fa?"
Ta ce, "Rana ba ta faɗuwa, Baba, wata da watanni.
Agogo nake bi."
Na yi shiru ina juya zancen.
Ƙasar da ba ta da almuru,
yaushe mai gajiya zai ce ya tashi aiki?

"Me kika ajiye can? Ikko ta yi miki kaɗan?"
Sai ta nuna kwatar da ke bayan rumfata.
"Ruwan da ya jiƙa maka katifa bara,
wataƙila a cikinsa akwai wanda ya kwana can
shekara dubu a daskare.
Narkewarsa muke aunawa."

Na ajiye basilla, na ɗauko siririyar allura
da zaren da ta zo da shi a leda.
Kwana uku.
Aka ɗauke wuta, na kama tocila da baki,
tireloli na gurnani a bisa kaina,
gumina na ɗiga a kan ƙyallen ɗis, ɗis,
na ce, je ka, gumin Ikko, kai ma ka ga duniya.
Kowane ɗinki na bi shi sau biyu,
na koma na uku a bakin ƙofa,
don ɓarawo da iska hanyarsu ɗaya.

Da na gama na kafa shi nan gindin gada,
na rarrafa ciki, na ja zif.
Ban kai ga ƙarshen Ƙulhuwallahu ba zafi ya koro ni.
Iya Sikira mai soya doya ta riƙe ciki don dariya,
wai tsoho ya samu gida a Ikoyi.

Na karɓi kuɗina cif, sana'a ba ta san 'yar aboki ba.
Amma a aljihun tantin na cusa goro biyu farare,
ban faɗa mata ba.

Yau wata biyar da tafiyarta.
An kwana ana ruwa, kwata ta cika ta tumbatsa,
ta biyo ƙarƙashin bencina tana lasar ƙafar keke.
Dā zaginta nake yi.
Yau na tattare wando, na tsuguna a gabanta
kamar mai tarbar baƙo a tasha.
Sannu da hanya.
Ka baro Lantana lafiya?
Ɗinkina fa, ya riƙe?